Zagin Da Na Kasa Mayarwa Hausa

Ni ne mai Turancin gidanmu, kuma da ma ban zama ba. Ina da ɗan shago a unguwar Nima, ba nisa da babbar gota, wato magudanar ruwa, inda nake cike wa mutane fom, in rubuta musu takardar neman aiki, in karanta wa tsofaffi abin da likita ya rubuto musu. Duk takardar da ta shigo lungunmu sai ta bi ta hannuna. Saboda haka ake ba ni girman da ya fi ƙarfina, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu, ban taɓa cewa ya yi yawa ba.

Turanci biyu gare ni. Akwai na takarda, wanda nake ci da shi. Akwai kuma na bakin titi, wanda muke yi a bes ɗinmu, wato bencin da mazan lungu ke zama a kai suna dafa ataya, shayin ƙaramar buta, da la'asar. Wannan na biyun rabinsa ashar ne. Bari in faɗi kalmomin tun yanzu, tunda takarda ba ta da ido balle in ji kunyarta. Shit, kashi ne. Fok, kwanciyar namiji da mace ce, da sunanta mafi ƙazanta. Bic, karya ce, macen kare, kuma in aka jefi mace da ita ana nufin wadda kowane kare ke bi. Modafoka kuwa, wa'iyazu billahi, mai kwana da uwarsa ne. Daga finafinai da waƙoƙin Amurka muka tsince su, da kuma bakin 'yan'uwanmu da suka je can suka dawo.

Amma wa ke tuna ma'anarsu? An ɗauke wuta ana tsakiyar kallon ƙwallo, shit. Ƙwallo ta shiga raga, fok. Ta bi ta saman raga, fok ɗin dai. Abokinka ya ɗinka sabuwar shadda ranar Sallah, ka rungume shi kana ce masa modafoka, shi yana washe baki. Shinkafa da wake ta yi daɗi, ka ce fokin daɗi ta yi, mai sayarwa hajiya ce da carbi a hannu, ta ce maka ta gode. To wannan da ka kira mai kwana da uwarsa yana dariya, ka kuskura ka watsa masa yatsu biyar ka ce uwaka da Hausa, wallahi sai an raba ku da jini. Ɗan ƙabilar Ga ya zagi uwarka da yarensa a tashar trotro, motocin haya, har gida za ka bi shi. Ko kwasiya ta mutanen Asante, wadda wawa kawai take nufi, tana sa mutum ya ɓata rai. Ashar ɗin Turanci ne kaɗai muka ɗauka bindigar roba, ni kuma na fi kowa harbawa.

A gida bakina wankakke ne. Kakanmu daga Sakkwato ya zo fataucin goro ya zauna, Baba kuma ya riƙe Hausar ubansa gam, a gidanmu ba a ce wa mace "shi" yadda ake yi a sauran Nima. Ni ne ɗan farinsa, don haka bai taɓa kama sunana ba. "Wancan" yake cewa, bayan na buɗe shago na koma "mai shago". Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In yana zaune a tsakar gida, ko banɗaki ba na iya shiga sai ya tashi. Haka aka rene ni, kuma ban taɓa ganin aibun hakan ba.

Ƙanwata ita ke bi mini. Ta gama sakandare, ta fi ni kai in za a faɗi gaskiya, ta koyi ɗinki a Kotobabi. Mijinta abokina ne kafin ya zama surukina. Boga ne, wato wanda ya zauna a ƙasar waje ya dawo. Shekara tara ya yi a Amurka. Shi ya ce don kansa ya dawo, unguwa ta ce ƙeyarsa aka taso, ni dai ban gani ba. Ba wanda ya tilasta mata, ita ta gan shi ta ce shi take so. Da Baba ya aiko a tambaye ni halinsa, na ce ba ya shaye-shaye, ba ya caca, yana sallah. Duk gaskiya ne. Bakinsa ne ban ambata ba, don irin nawa ne.

Da farko ita ma dariya maganarsa ke ba ta. Suka tare a wani ɗaki da falo a Mamobi, suka haifi mace, suka ƙara mace. Shi kuwa zuciyarsa na can inda ya baro. Sau biyu na cike masa fom ɗin komawa da hannuna, sau biyu aka hana shi. Daga nan Amurka ta tsaya masa a maƙogwaro, ba ta wuce ba, ba ta fito ba. Ya rage zuwa bes, ya rage fita sana'a, duk ɗacin ya koma kan wadda ke kusa. Abinci ya yi gishiri, bic. Yarinya ta yi kuka, bic. Ta daɗe a kasuwar Laraba, sai ya bi ta da saƙon murya, ɗaya na bin ɗaya. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ko sau ɗaya. Da ma ya ɗaga, Allah ya gafarta mini, da an sami tabon da za a nuna.

Shekara shida tana haɗiyewa, ranar nan ta kwaso 'ya'yanta ta yi yaji. Mma, mahaifiyarmu, ta shimfiɗa musu tabarma a ɗakinta ba ta tambayi komai ba. Bayan mako uku dangin miji suka aiko cewa za su zo biko ranar Lahadi bayan la'asar.

Ranar Asabar da hantsi ta same ni a shago. Ta jira mai fom ya fita, ta ajiye wayarta a kan tebur, ta kunna. Na san muryar, na san kalmomin, kullum a bakina suke. Amma ban taɓa jin an faɗe su a hankali haka ba, ɗaya bayan ɗaya, ba dariya a bayansu. Bic, ya ce. Fokin bic mara amfani. Ke da uwar da ta haife ki duk bic ne, a titi na tsince ki. Saƙo ya ƙare, ta kunna wani. Ban bari ta kai na biyar ba. Na bugi tebur na ce sai na karya ƙafar modafokan nan.

Ta dube ni kawai. Sai da na ji abin da ya fito daga bakina.

"Yaya, ba duka na zo nema ba," ta ce. "Gobe za su ce a fassara. Kai za su sa. Ka faɗa musu yadda yake, kada ka wanke."

"Ni? In wanke? Ai sai dai a riƙe ni."

"Ba na son komawa, Yaya. In suka ji da Hausa, Baba ba zai mai da ni ba."

Gaskiya ta faɗa. A wajen mutanenmu, in aka zauna biko, ba a hukunci da "ya zage ni". Sai an faɗi zagin da baki, a gaban kowa, dattawa su auna nauyinsa. In faɗan miji da mata ne, wawiya, mara hankali, sai a ba ta haƙuri ta bi mijinta a ranar. In kuwa ya taɓa mutuncinta, ya jingina mata karuwanci, ko ya haɗa da uwarta, to magana ta canja. Liman zai kira shi ƙazafi, uba kuma yana da ikon riƙe 'yarsa har a karɓo mata takardarta. Duk abin da take nema ya rataya ne a kan jimla uku ko huɗu. Na bugi ƙirji na ce ta je ta kwanta da minshari, tana da wa.

Ranar Lahadi aka shimfiɗa tabarmi a gaban ɗakin Baba. Ga Baba, ga ƙanensa, ga limamin masallacinmu wanda ya karantar da ni tun ina ɗan allo, ga kawun mijin da goro a ƙunshe cikin ganye. Mijin ya sa farar jallabiya ya durƙusa a gefe, kai a ƙasa, kamar ba shi ba. Ƙanwata ta zauna bakin ƙofar Mma, Mma kuma na ciki bayan labule, ana ganin ƙafafunta. Ni na tsuguna can nesa, kusa da randa.

Liman ya buɗe da addu'a ya ce ta faɗi kukanta. Ta faɗa, ba ta yi kuka ba, sannan ta kunna wayar. Muryar ta cika tsakar gida. Dattawa suka karkata kunne kamar masu sauraron labaran rediyo. Da ya ƙare, kawun mijin ya ce shi dai ya ji faɗa, amma bai ji zagi ba.

"Ya ce mini—" ta fara.

Liman ya ɗaga hannu. "Mai ƙara ba ya zama shaidar kansa, 'yata. A samo wanda ba shi a cikin maganar."

Mijin ya nemi izini. Da Hausarsa ta Nima ya ce, "Malam, wallahi Turanci ne kawai. Can haka kowa ke magana, aboki da aboki, har miji da mata. Shi kanta ya sani. Ku tambayi yayansa, ga shi nan, shi ma yana faɗi kullum."

Duk ido ya dawo kaina. Baba bai dube ni ba, da haɓa ya nuna wajen randa. "Mai shago ya ji Turanci. Ya faɗa mana."

Liman ya ce in matso, na matso. Ya ce, "Kalmomin nan, gaskiya ne kai ma kana faɗinsu?"

Na ce ina faɗa.

"Da abokanka?"

Na ce da su.

"In ka faɗa, zagi kake nufi?"

Na ce a'a. Ban yi ƙarya ba, amma na gane inda maganar ta dosa.

"To madalla. Yanzu mayar mana da abin da ya ce."

Na buɗe baki. Kalmar na nan a kan harshena, harafi biyar, karya. Na ga ƙafar Baba a kan tabarma, da faratansa, da butarsa a gefe. Na ga gemun malamin da ya koya mini Fatiha. Na ga ƙafafun Mma a ƙarƙashin labule. Wai ni, da ban taɓa tauna lomar tuwo a gaban mutumin nan ba, in dube shi in ce an kira 'yarsa karya, an kira matarsa karya. Da Turanci zan iya faɗa sau ɗari, a gaban kowa. Da Hausa kuwa ta ƙi fita sam. Ba tsoron mijin na ji ba, ba tausayinsa ba. Kunya ce kawai, irin wadda ake yabon yaro da ita.

"Ya ce ba ta da amfani," na ce.

"Sai me?"

"Ya ce ta dame shi. Ya ce ba ta jin magana."

"Yaya," in ji ƙanwata, a hankali.

Ban waiga ba.

"Malam, ya zagi Mma," ta ce. "A tambaye shi abin da ya ce a kan Mma."

Liman ya dube ni. "Me ya ce a kan mahaifiyarku?"

Nan ma Allah ya sake ba ni dama, na sake zubar da ita. Na ce, "Ya ce halinsu ɗaya."

Ƙanen Baba har da ɗan murmushi, ya ce ai wannan ba zagi ba ne, kowace 'ya halin uwarta take ɗauka. Kawun mijin ya saki ajiyar zuciya ya fara kwance ganyen goro. Liman ya yi nasiha mai tsawo, ya ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ya ce haƙuri maganin zaman duniya. Ya ja wa mijin kunne ya rage Turancin nan a cikin gida tunda matarsa ba ta so. Mijin ya ce in sha Allahu. Baba bai ce komai ba sai "ta shirya". Aka raba goro, aka shafa Fatiha.

Ta shiga ɗaki ta ɗaure kayanta. Da ta fito, ƙarama a goye, babba a hannu, ta tsaya a gabana. Na so ta zage ni, ko da wane yare. Sai ta ce, "Sannu da aiki, Yaya." Ta bi bayan mijinta suka fita.

Da na shiga wajen Mma, tana zaune tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Ba ta jin Turanci, amma ta haife ni. Ta ce, "Abin da ya faɗa ke nan?" Na ce kusan haka ne. Ta ce to, Allah ya sa kusan ya ishe ta.

Kada wani ya ɗauka na zauna ban yi komai ba. Bayan kwana biyu na sami liman shi kaɗai, na ce akwai abin da na rage. Ya ce maganar da aka shafa wa Fatiha ba a tono ta, sai in sabon abu ya faru. Na ce tsohon ma ba a ji shi ba. Ya ce, "Kai aka tambaya, kai ka amsa." Na tare mijin a bakin gota na shaƙe masa wuyan riga, mutane suka raba mu, ya gyara rigarsa yana cewa, "Cale, abokina, kai da bakinka ka ce ba zagi ba ne." Ihu bayan hari ne duk abin da na yi.

Abin da ban hango ba shi ne na ba shi lasisi. Da a ɗaki yake faɗa, ko a waya. Bayan zaman nan ya koma faɗa a tsakar gidan hayarsu, a gaban maƙwabta, a gaban 'ya'yansa, tunda dattawa sun auna sun ce ba nauyi. Ita kuwa ba ta sake yin yaji ba. Da me za ta zo? Hujjarta mafi ƙarfi ta kawo, wanta ya tsaya a gaban mutane ya ce ba komai ba ce. Tana zuwa gida ranar suna ko rasuwa, ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi matata da yara. Ko sau ɗaya ba ta sake shiga shagona ba.

Za a so in ce daga ranar na daina ashar. Ban daina ba. Na yi wata biyu ina kama bakina, ranar da aka ɗauke wuta ina tsakiyar buga wa wani takarda, kalmar ta fito da kanta. Har yau tana fita. Bambancin kawai, yanzu ina jin ma'anarta a duk lokacin da na faɗa, kuma hakan bai hana ni ba.

Shekara bakwai bayan haka Baba ya kwanta, ƙafafunsa suka kumbura. Ni ke kai shi asibiti. Wata rana muna dawowa da azahar a cikin tasi, ta wajen Alajo, wani mai babur ya yanko gabanmu. Direba ya leƙa ta taga ya ɗura masa modafoka. Baba na jingine a baya, ido a rufe. Sai na ji ya ce, "Direba, shi ya yi maka laifi. Uwarsa ba ta yi maka komai ba."

Muka iso gida. Na kwantar da shi, na gyara masa matashi, na tsuguna a bakin gado. Na san Baba ya yi gadi a gidan wani Bature tun kafin in yi wayo, amma ban taɓa jin Turanci a bakinsa ba, ban kuma taɓa tambayar kaina abin da kunnensa ya kwasa a ƙofar gidan nan ba. A ranar na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi masa tambaya kai tsaye.

"Baba, ashe kana ji?"

"Wannan kam ina ji," ya ce. "Shekara ashirin ana kirana da su. In na yi jinkirin buɗe ƙofa, in kare ya yi haushi, in matarsa ta ɓata masa rai. Kuku ne ya fassara mini tun a watan farko."

"Ranar bikon nan, ka ji abin da ya ce?"

"Na ji."

"To me ya sa ka ce in fassara?"

Ya ce, "Don na san ba za ka iya ba."

Ya ce da an faɗa da Hausa a gabansa, a gaban liman, to dole ya raba auren, in ba haka ba ya zama mutumin banza a unguwa. Ya ce ya duba ɗaki biyun da muke da su, ya duba 'yan mata biyu da za su tashi ba uba. Ya ce da Turanci magana iska ce, tana wucewa ta saman kai. "Ni ga ni, ban mutu ba. Na ciyar da ku, na aurar da ku. Na ɗauka za ta saba, yadda na saba."

Na ji haushinsa har idona ya rufe, mutumin da ko ƙafarsa ba ya iya ɗagawa. Ya san tarbiyyar da ya yi mini, ya ɗauke ta ya yi aiki da ita. Amma bari in faɗi abin da ya fi wannan muni: a ƙarƙashin haushin na ji sanyi. Na ji daɗi cewa ba ni kaɗai ba ne, akwai wanda zan raba kayan da shi. Na tsani kaina saboda wannan daɗin. Na ɗauko ruwa na ba shi maganinsa.

Bai yi wata biyu ba ya rasu. Bayan an yi sadakar arba'in na shirya na tafi Mamobi. Ta daɗe da barin shagon ɗinkin Kotobabi, ta dawo da kekenta barandar ɗakinsu. Na same ta da yamma tana ɗinka wa wata yarinya kayan makaranta. Ta rame, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. 'Yan matan sun tafi makarantar Islamiyya. Takalmin mijin na bakin ƙofa, rediyo na magana a ciki.

Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa. Na sassauta murya na gaya mata duk abin da Baba ya ce, ina jiran ta girgiza. Ko tsayar da keken ba ta yi ba.

"Na sani," ta ce. "Na ga fuskarsa lokacin da wayar ke magana."

"Kin sani? Duk shekarun nan?"

"Baba na san abin da zai yi tun kafin a zauna. Kai ne ban sani ba."

Na haɗiye wannan. Na ce mata tsohon liman ya rasu, sabon matashi ne, ya yi boko, ba ya bukatar tafinta. Na ce ko yana bukata, ni yanzu zan faɗa, da Hausa, a gaban duk wanda aka tara, ko a lasifikar masallaci ne. Don ta yarda har na faɗa mata a wurin, kalma bayan kalma, abin da na kasa faɗa a kan tabarmar Baba. Bakina na ɗaci na gama.

Ta yanke zare da haƙori. "Ni kake fassara wa, Yaya? Ai ni na fi ka jin Turanci."

"Ki dawo gida. Ɗakin Baba ba kowa."

"Babbar ta fara tasawa, gobe-jibi za a zo neman aurenta. In tafi yanzu, a ce uwarta ta kashe aure da furfura a kai?" Ta juya rigar ta sa ɗaya hannun a ƙarƙashin allura. "Lokacin da yake mini zafi na zo. Yanzu ba na ma ji. Ka bar shi kawai."

Na ce ba zai yiwu mutum ya daina jin irin wannan ba. Na fara kawo mata hujjoji, ni mai baki, ina lissafa su da yatsu. Ina cikin na uku aka rage muryar rediyo a ɗaki.

"Bic," ya kira. Ba da faɗa ba, ba da tsawa ba, yadda mutum ke kiran matarsa in yana son ruwan wanka.

"Na'am," ta ce.

Ta ɗage ƙafa daga kan keke, ta gyara ɗankwalinta, ta ce in ɗan jira ta, yanzu za ta fito.